Lamba Ashirin da Bakwai

Ranar Litinin da hantsi aka gane littafin ya ɓata. Dakta Felicia ce ta buɗe durowa, ta zura hannu inda ta saba, sai hannun ya taɓa katako. Ta zaro durowar gaba ɗaya ta kife a kan tebur. Tarkace ya zube, da kwalbar tawadarta, da wani busasshen goro da ba a san mai shi ba. Littafi dai babu.

Ba wani littafin a zo a gani ba ne, mai baƙin bango ne irin na 'yan kasuwa. Amma a cikinsa akwai sunayen mutum arba'in da uku, kowa da shafinsa, kowa da lambarsa, kuma dukkansu mutanen da giya ta kama ne suke neman kuɓuta. A kwamfuta lambobi kawai ake sawa. Suna kuwa, ƙa'idar binciken ta ce wuri ɗaya za a rubuta shi, a kulle. To wannan wuri ɗayan ne ya yi ƙafa.

Shekara uku ke nan Dakta Felicia, 'yar Kafanchan da ke koyarwa a wata jami'a a Kuala Lumpur, tana wannan aikin bincike a wani ɗan ofis a hawa na uku a unguwar Pantai Dalam, saman shagon mamak inda ake shan shayi. Wata gidauniya ta ƙasar waje ke ɗaukar nauyin komai: maganin da ke rage wa mutum kwaɗayin giya, da gwajin jini duk wata, da zaman da ake yi kowace Asabar, inda 'yan Afirka mazauna birnin ke haɗuwa su yi magana da harshen gida. Ranar Alhamis gidauniyar za ta turo wata mata mai duba aiki, a ga ko za a ƙara musu tallafi ko a rufe. Abu na farko da za ta ce a miƙo mata shi ne littafin.

Kafin azahar labari ya gama zagaya wayoyin 'yan Najeriya. Wa ya fitar da shi, Allah masani. Maza da yawa suka kashe waya. Matan da ba su taɓa tambayar mazajensu inda suke zuwa ran Asabar ba suka fara tambaya. A masallaci mutum zai gaisa da ɗan'uwansa yana kallon idonsa fiye da yadda ya saba.

Shi Malam Maitama, aikinsa a wannan ofis bin sawu ne. Idan mutum ya yi sati biyu bai zo karɓar magani ba, waya a kashe, Maitama ake ba lambarsa, ya fita ya nemo shi ko a ƙarƙashin gada yake kwana. Gado ya yi. Mahaifinsa a ƙasar Rano da bin sawun shanun sata aka san shi. Shi ɗan ya zo Malesiya neman digiri na uku shekara goma sha ɗaya da suka wuce, digirin bai samu ba, matarsa ta kwashe yara ta koma Kano, shi kuma ya zama lamba huɗu a littafin. Shekara biyu ke nan bai kurɓa ba. Amma tun da ya daina, wani abu ya kwanta masa a ƙirji bai tashi ba. Ba ya fushi, ba ya murna. Abinci ma ci kawai yake yi. Dakta ta ce zai ware a hankali, ya ce to.

"Malam Maitama," in ji Dakta, "idan matar nan ta zo babu littafi, shi ke nan. Ba ma maganar ƙari ba, wanda ke hannunmu ma tsayar da shi za su yi. Maganin wata ɗaya ya rage a kabad."

"Wa ya san inda mabuɗin durowa yake?"

"Ni da Nahum."

"A ina yake zama?"

"Cikin gwangwanin ganyen shayi."

Ya dube ta. Ba kallon zargi ba ne, kallo ne kawai.

"Na sani," ta ce. "Na sani, Malam. Kar ka ce komai."

Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya duba taga, ƙurarta na nan. Ya sauka bayan gini ya kwance buhunan shara ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar, ƙudaje na bin sa, bai ga ko yagen bango ba. Mai karɓar kuɗi a shagon mamak, wanda ake ajiye wa mabuɗin ƙofa, ya ce ran Asabar Hajiya mai abinci ta dawo da shi kamar kullum. Ran Lahadi kuma dogon nan mai gilashi ya karɓa, ya yi kusan awa biyu a sama.

* * *

Dogo mai gilashi shi ne Nahum, mutumin Pankshin, ɗalibin digiri na uku, shi ke shigar da lambobi a kwamfuta. Kowa ya san sun yi cacar baki da Dakta watan jiya, don ba ta sa sunansa a takardar neman sabon tallafi ba.

Maitama ya same shi a ƙasa, shayi a gabansa ya huce.

"Me ka hau yi ran Lahadi?"

"Haba Oga Maitama, har da kai? Tun safe ake kallona kamar na saci akuya."

"Me ka hau yi?"

Nahum ya cire gilashi ya goge da gefen riga. "In na faɗa maka za ka gaya wa Dakta?"

"Ya danganta."

"Babi biyu na karatuna na buga da injin ofis. Shafi ɗari da wani abu. Daga coci na wuce. A waje tsada, kai ma ka sani." Ya mayar da gilashin. "Takarda na sata, na yarda. Amma littafin, me zan yi da shi? In aka rufe ofishin nan, bizata ta mutu, ni da matata Elizabeth da jaririya sai filin jirgi."

"Ka buɗe durowar?"

"Ko kallonta ban yi ba."

"Me ka gani wanda ba haka yake ba?"

Nahum ya yi tunani. "Ba komai. An share, an goge. Sai dai babban tiren shayi, an jingine shi a jikin bango a ofishin Dakta, ba a kicin ba. Na ma yi tuntuɓe da shi."

Maitama ya miƙe.

* * *

Talata da safe ya je gidan Hajiya Ɗelu, can cikin dogayen benayen Pantai Dalam. Ita ce ke dafa wa zaman Asabar abinci, ta wanke kwanuka, ta rufe ofis. Mijinta, Dakta Abdussalam, malamin lissafi ne, wata shida da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a gaban ɗalibansa, zuciya ta tsaya. Da ta fita takaba Dakta Felicia ta ba ta aikin girkin, don ta samu na riƙe yara har su gama shekarar makaranta. Maitama ya san marigayin fiye da yadda matarsa ke zato, amma wannan ba maganar faɗi ba ce.

Ta tsaya a bakin ƙofa cikin dogon hijabi, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya ya yara, ya ya haƙuri.

"Hajiya, ran Asabar wa ya rage bayan an tashi?"

"Ni kaɗai, Malam. Na yi wanke-wanke, na goge ƙasa, na rufe."

"Ba wanda ya dawo?"

"Ban ga kowa ba. Ciyaman dai ya zo tun ana zaman, Dakta ta tare shi a ƙofa, na ji hayaniyarsu daga kicin."

Daga ciki wata yarinya ta yi magana da Malayanci, uwar ta amsa da Hausa ba tare da ta waiwaya ba. Fuskarta babu komai a kai. Maitama ya san irin wannan fuska, kullum yana ganinta in ya zo aske gemu.

"Ka karya kuwa?" ta ce. "Tsaya in sa maka waina ka yi tapau da ita, ka ci a gida."

Ya karɓa, ya gode. A tashar jirgin ƙasa ya ba wani mai shara.

* * *

Ciyaman shi ne Alhaji Munzali, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa a birnin, mai shagon yadi da jallabiya a titin Jalan Masjid India. Tun ranar da aka buɗe ofishin yake faɗa a fili cewa ba a magance saɓon Allah da ƙwayar bature, kuma da zai samu sunayen da ya bi su gida gida da nasiha.

Yana auna wa wata 'yar Indonesiya leshi Maitama ya shigo.

"A'a, ga ɗan sandan mashaya! Shigo, shigo. An ce ni na sace, ko? Har matata ta tambaye ni jiya."

"Me ka je yi ran Asabar, Alhaji?"

"Wa'azi na je yi, aka kore ni kamar mai tallan maganin ƙarfin maza." Ya yanke leshin, ya ninke. "Maitama, dube ni da kyau. Da littafin nan yana hannuna, kana jin zan kwana biyu ban kira ko mutum ɗaya ba? Ni? Da yanzu rabin mutanenku sun sha wa'azi har sun ƙoshi."

Gaskiya ne wannan, kuma Maitama ya san gaskiya ne. Alhaji ba ya iya riƙe magana daga azahar zuwa la'asar.

"Amma gobe zan zo ofishin naku," in ji Alhaji, yana nuna shi da almakashi. "A tara kowa. Ba za a ɓata mini suna a waya in yi shiru ba."

Da ya fito, sai ga lamba tara zaune a matakalar tashar Masjid Jamek, ya haɗa kai da gwiwa. Mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, kuma shi ke jan sallah a unguwarsu in liman bai zo ba. Wata bakwai ke nan yana tsaye da ƙafarsa, bai taɓa giya ba.

"Malam, an samu?"

"Tukuna."

"Sau uku yau na wuce ta gaban kantin giyar nan. Sau uku. Na huɗun ban san yadda za a yi ba." Ya ɗago. "In sunana zai fita, me ya rage da nake wahalar da kaina?"

Maitama ya zauna kusa da shi. Sai ya ce, "Ka sha maganin yau?"

"Ban sha ba."

"Sha yanzu ina gani."

Mutumin ya ciro maganin daga aljihu ya haɗiye. Maitama ya raka shi har ƙofar gidansa, sannan ya juya.

* * *

Laraba da sassafe ya karɓi mabuɗi ya hau shi kaɗai. Mahaifinsa in sawu ya ɓace masa ba ya ƙara gaba, zama yake yi a ƙasa a inda ya ɓace, ya yi ta kallo har ya ga abin da mai tsaye ba ya gani. Maitama ya cire hula, ya zauna dirshan a tsakiyar ofishin Dakta.

Ƙafafun tebur. Wayar fanka. Inda aka jingine tire, ga ɗan zanen ruwa da ya bushe a jikin bango. Ya daɗe a haka. Ƙarar babura na tasowa daga titi.

A lungun ƙofa akwai wata tukunyar fure da mai gidan ya bari tun kafin su kama hayar. Furen roba ne, an cika tukunyar da fararen tsakuwa. A ƙarƙashinta Maitama ya ga da'irar danshi.

Ya matsa da gwiwa. Wa zai ba furen roba ruwa? Ya zura yatsa cikin tsakuwar, ya ji sanyi. Ya kwashe na sama. Na ƙasan ba farare ba ne, sun yi shuɗi-shuɗi, kuma a gindin tukunyar ruwa ne kwance mai launin bula. Ya kai hanci. Ya ɗauko kwalbar tawadar Dakta ya buɗe, ya kai hanci. Ɗaya ne.

Dakta Felicia ba ta rubutu a littafin da biro. Da tsohon alƙalaminta mai shan tawada take yi, wanda ubanta ya ba ta.

Ya koma ya zauna. Daga inda yake yana hango wurin wanke kwanuka ta ƙofar kicin, taku biyar bai cika ba. Wani ya ɗauko tire, ya ɗora littafi, ya wanke rubutu kamar yadda ake wanke allo. Da ya gama, ga magudana a kusa, amma bai zuba ruwan a can ba. Ya nemi wuri mai tsarki a hawa na uku na ginin siminti, bai samu ƙasa ba, bai samu gindin bishiya ba, sai wannan tukunya.

Ɓarawo yaga shafi zai yi ya jefa a shara. Nahum a magudana zai zuba, ko tunani ba zai yi ba. Alhaji karantawa yake so, ba gogewa ba. Wannan hannu ne da ya yi karatun allo, kuma abin da ya wanke akwai sunan Allah a ciki.

Maitama ya san shafukan nan arba'in da uku kamar gidajen unguwarsu. Masu suna da Abdul guda uku ne. Ɗaya ya koma Ghana bara. Ɗaya ɗan Sudan ne, ba shi da kowa a ƙasar. Na ukun shi ne lamba ashirin da bakwai, kuma wata shida ke nan da binne shi.

Ya mayar da tsakuwar yadda take. Ya jira ya ji wani abu, ko tausayi ko daɗin ganewa. Bai ji ba. Ya sa hularsa.

* * *

Bayan la'asar suka taru a ɗakin zaman Asabar, a kan kujerun roba. Dakta Felicia idonta ya kumbura. Nahum ya harɗe hannu. Alhaji Munzali ya zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hajiya Ɗelu ta zauna can gefe kusa da kicin, kwandon abincinta a gabanta, ko da yake yau ba ranar girki ba ce.

"To, muna ji," in ji Alhaji. "A faɗi ɓarawo kowa ya huta."

Maitama ya shiga ofis ya ɗauko tukunyar furen, ya ajiye a tsakiya. Ya kwashe tsakuwa ya nuna musu ruwan. Ya yi bayani a taƙaice, da muryar da yake karanta wa mutane ranar gwajinsu: ga tire, ga tawada, ga magudana taku biyar, ga inda aka zuba.

Nahum ya ce, "Ban gane ba. Me ya sa ba a zuba a sinki ba?"

Alhaji ne ya amsa, kuma muryarsa ta sauka. "Ba a zuba sunan Allah inda ƙazanta ke bi, ɗana." Ya daɗe yana kallon ruwan. "Wanda ya yi wannan, an yi masa tarbiyya."

"Ba kai ba ne, Alhaji," in ji Maitama. "Ba Nahum ba ne. Kuma ba don a tona asirin kowa aka ɗauka ba. Shafi ɗaya aka so a goge. Ina jin ruwa ne ya ratsa sauran, aka tsorata, aka tafi da shi a shanya."

"To wane ne?"

"Aikina in nemo abin da ya ɓata. Suna ba na faɗi. Shi ya sa ake buɗe mini ƙofa."

"Kai Maitama, kar ka raina mana hankali! An tara mu nan..."

"Ciyaman, bar shi."

Hajiya Ɗelu ce. Ta sunkuya ta buɗe kwandon, ta ɗaga wani farin mayafi da aka naɗe, ta warware. Littafin ya kumbura, bangonsa ya lanƙwashe, gefen shafukan ya yi tauri irin na takardar da aka bi da dutsen guga. Ta miƙe ta ajiye shi a cinyar Dakta da hannu biyu.

"A kan kabad na ajiye shi, tare da Alƙur'anai," ta ce. "Ba wanda ya buɗe. Ni ma shafi ɗaya na buɗe."

Alhaji Munzali ya dubi matar, ya dubi littafin. Shi ya yi ta kai da kawo ranar jana'izar mijinta, shi ya tsaya a gaban jama'a ya ce ba a taɓa ganin marigayin da abin ashsha ba. Sai ya tattara babbar rigarsa ya miƙe.

"Ni zan sauka ƙasa in sha shayi," ya ce. "Kunnena ba ya ji sosai kwana biyun nan. Nahum, zo ka raka ni, kai za ka biya."

Da ƙofa ta rufe, Hajiya ta koma ta zauna.

"Na san yana sha," ta ce, tana kallon ƙasa. "Shekara tara ina kwashe kwalabe a bayan littattafansa, ina kai su shara a unguwar da ba a san mu ba. Ban taɓa ce masa komai ba, shi ma bai taɓa ce mini ba. Da ya rasu na ga katinku a aljihunsa, da lamba. Ran Asabar ina kicin na ji kina ce wa Nahum matar da za ta zo sai ta binciki takardun wanda ya mutu. Na ce shi ke nan, za a rubuta giya ce ta kashe Baban Khaulah, a kai ƙasar waje, a buga. Yaran nan sunansa kawai ya bar musu."

Dakta Felicia ta buɗe littafin. Shafukan sun yi dabbare-dabbare amma suna karantuwa. Na ashirin da bakwai ne kawai samansa ya zama fari fat, takardar har ta yi laushi don gurza. Daga tsakiya zuwa ƙasa layuka na nan, kwanan wata da wata kalma a gefen kowanne.

"Maman Khaulah, kin karanta waɗannan?"

"Ba na jin Turanci. Na ɗauka ranakun da ya sha ne."

"Ranakun gwajin jini ne." Dakta ta bi su da yatsa. "Wannan babu giya a jininsa. Wannan babu. Wannan ma babu. Goma sha ɗaya ne a jere. Wata goma sha ɗaya bai sha ba kafin ya rasu."

Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta taɓa layin ƙarshe, ta janye.

"Amma ga matsalar," in ji Dakta, a hankali. "Gobe za a ga shafi babu suna, mai shi kuma ya mutu. In na sake rubutawa da hannuna, cewa za a yi ƙirƙirar mutumin muka yi don sakamako ya yi kyau. In aka zargi shafi ɗaya, an zargi duka. Ba zan ɓoye abin da ya faru ba, zan faɗa. Sai dai maganata ni kaɗai ba za ta isa ba." Ta rufe littafin. "Ba zan tilasta miki ba."

Hajiya ta ninke farin mayafinta, ta sa a kwando, ta yi musu sallama.

Maitama ya tsaya a taga yana kallonta har ta sha kwana.

"Za ta zo?" in ji Dakta.

"Ban sani ba."

* * *

Mai duba aikin wata dattijuwa ce 'yar asalin Indiya, mai furfura da ƙaramar murya. Ƙarfe tara ta iso. Dakta ta gaya mata komai, har da gwangwanin shayi. Matar ta yi ta rubutu ba ta ɗago ba. Ta juya shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a na ashirin da bakwai, ta daɗe. Sannan ta ce idan babu wanda zai tabbatar da wannan mutum, ita ba ta da abin da za ta kai wa waɗanda suka aiko ta.

Goma ta yi. Goma da rabi. Maitama na zaune a bakin ƙofa, hannuwansa a gwiwa, yana jin duk takun da ya taso daga ƙasa. Na Nahum ya wuce. Na mai kawo gas ya wuce. Sai ya ji wani a hankali, mai tsayawa a kowane hawa.

Hajiya ce ta shigo da ambulan a hannu: takardar aurensu, da takardar asibiti, da katin nan mai lamba. Mai duba aikin ta karanta, ta ce ta bakin Dakta ba za a buga sunan kowa a ko'ina ba, amma tana so matar ta faɗi sunan mijinta da bakinta, a rubuta cewa ta faɗa.

Hajiya ta dubi Maitama.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa baƙuwar da Turanci, "shekara ashirin da biyu suna tare, ba ta taɓa kiran sunansa ba. A wurinmu mace irinta ba ta faɗin sunan miji. Amma za ta iya rubutawa."

Dattijuwar ta tura littafin gaban Hajiya. Hajiya ta karɓi biro, ta gyara zama, ta rubuta shi a farin wurin da ta gurje, harafi bayan harafi, da manyan baƙaƙe irin na wanda bai saba ba. Ta sa hannu a ƙasa. Dakta ta sa, baƙuwar ta sa.

Sai bayan azahar aka gama. Matar ta ce ba za ta ba da shawarar shekara uku ba, shekara ɗaya za ta rubuta, da sharaɗin a sayi akwatin ƙarfe, kuma za ta dawo bayan wata shida ta gani da idonta. Magani dai ba zai yanke ba. Dakta ta shiga kicin ta rufe ƙofa, aka ji famfo na zuba ya daɗe.

Maitama ya raka Hajiya matakala. A hawa na biyu ta tsaya, ta dafa bango, ba ta juyo ba.

"Malam, kai ka san shi a nan."

"Ni na nemo shi sau biyu, farkon zuwansa. Daga baya shi ke riga kowa zuwa."

"Ya taɓa maganata?"

"Kusan kowace Asabar."

"Me yake cewa?"

Maitama ya ji abin nan da ya kwanta masa a ƙirji ya ɗan motsa, abin da ya manta yadda yake. Ya jira ya wuce.

"Cewa yake bari ya cika shekara cif tukuna, sannan ya zaunar da ke ya gaya miki."

Ta daɗe a tsaye, hannunta a bango.

"Saura wata ɗaya," ta ce.

"Saura wata ɗaya."

Ta gyara hijabinta, ta ci gaba da sauka.